Me ya sa randa take rage sanyi da damina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Randata tana sanyaya ruwa sosai da bazara, amma da zarar damina ta kankama sai ruwan ya tsaya ba sanyi ba ɗumi. Ta biyun kuma da na shafe da siminti saboda yoyo, ko da bazarar ma ba ta yin sanyi. Mene ne dalili? Daga wata mai karatu a wani ƙauye kusa da Ringim.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Randar farko lafiyarta ƙalau, iska ce ta canja. Ta biyun kuwa simintin ne ya kashe ta.

Ki shafa bayan randa mai kyau da rana tsaka, za ki ji ta da danshi, har tafin hannunki ya yi sanyi. Gasasshen yumɓu cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwa yake nasowa waje, iska ta busar da shi. Ruwa ba ya zama tururi sai ya sha zafi, kuma wannan zafin daga jikin randar da ruwan cikinta yake zuƙowa. Aikin da zufa take yi wa ɗan Adam ke nan.

Zafin da yake ɗauka ba kaɗan ba ne. Giram 1 na ruwa idan ya bushe, yana tafiya da zafin da zai sauke giram 580 na ruwa da digiri 1. Randa mai cin lita 20 ke nan tana buƙatar kamar giram 350 su bi iska, abin da bai cika ledar fiya wata ba, kafin ruwanta ya sauka da digiri 10. A zahiri takan ci fiye da haka, domin zafin waje ma yana ta shigowa.

Sai dai iska tana da cikinta. A watan Afrilu, idan zafi ya kai digiri 40 kuma laimar iska kashi 15 ce cikin 100, bushewa na iya sauke zafin jiƙaƙƙen abu ya dawo kusan digiri 21. Randa ba ta kaiwa can, amma tana da fili. A Agusta kuwa, zafi digiri 30 da laima kashi 80, bushewa ba ta iya sauke shi ƙasa da digiri 27. Iska ta riga ta ƙoshi, shi ya sa ko wanki yake kwana a igiya bai bushe ba.

Siminti, fenti da maiƙo duk toshe ƙofofin suke yi. Haka farin ɓawon da ruwa mai gishiri-gishiri yake bari, da gansakuka. Ki riƙa dirje bayan randar da soso da ruwa zalla, ban da sabulu, don yumɓu yana shanye shi. Ki ajiye ta a inuwa inda iska take ratsawa, gindinta kaɗai a cikin yashi, bakinta rufe da faifai. Lungun ɗaki da ba taga shi ne mafi munin wuri. Mai simintin kuma kada ki jefar: ki naɗe ta da buhun algarara, ki riƙa jiƙa shi, buhun zai yi mata nason.

Wannan hikimar ce Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Dutse, ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex. Ƙaramar tukunya ake sakawa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi mai tsabta, a jiƙa shi safe da yamma, a zuba tumatir, tattasai ko yalo a ta cikin, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ita ma da rani da bazara take aikinta sosai, da damina sai ta ja baya kamar randarki.