Hukuncin rataye zanen mai tsiyayar madara a falo

Tambaya: Malam, ina karatu a ƙasar Holan. A gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam na ga zanen wata 'yar aiki tana tsiyaya madara, aikin Johannes Vermeer. Ya shiga raina har na sayi kwafinsa. Ko ya halatta in rataye shi a falo?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ɗana, Allah ya ƙara maka tsoronsa, da ka tsaya ka tambaya kafin ka buga ƙusa.

Mu fara da sanin abin. Vermeer mutumin garin Delft ne, ya rasu a 1675. A zamaninsa cocin Furotesta na ƙasar ba ya son hotuna, tun bayan farfasa gumakan coci da aka yi a 1566, sai masu zane suka koma sayar wa 'yan kasuwa zanen rayuwar yau da kullum. Wannan naka mace ce tsaye kusa da taga, kanta a rufe, ta naɗe hannun riga, ga burodi a kan tebur, madara na zuba siririya cikin kasko. Babu mai bauta mata, kuma wannan yana rage nauyin lamarin. Sai dai bai ɗauke shi ba, domin surar mai rai ce.

Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha ta rataye labule mai hotuna, Manzon Allah (SAW) ya nuna ƙinsa, sai ta mayar da shi matasan kai. Ya kuma tabbata mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko hoto. Da waɗannan ne Imam Nawawi da malamai masu yawa suka haramta rataye surar mai rai, ko tana da inuwa ko ba ta da ita. Malamanmu na Malikiyya sun rarrabe: mai jiki da inuwa kuma cikakke, irin gunki, shi ne haram, na bango ko takarda makaruhi ne idan an ɗaukaka shi. Suna kafa hujja da togaciyar zanen jikin tufa da ta zo a hadisin Abu Ɗalha.

Don haka ba zan ce ka yi zunubi da sayensa ba. Amma ratayewa ɗaukakawa ce, ga kuma damatsanta a buɗe, falo kuwa nan baƙo zai shimfiɗa dardumarsa ya yi salla. Abin da na fi natsuwa da shi, ka ajiye shi cikin littafi ko akwati. Dubawa domin sanin tarihi da gwanintar haske babu laifi. Zanukan mashaya da maye irin na Jan Steen kam, kada su shiga gidanka.

In bangon ne kake son ƙawatawa, masu zanen ƙasar sun bar zanukan furanni da kayan marmari da yawa. Ka zaɓi wanda babu mai rai a cikinsa. Shawarar da Ibn Abbas ya ba mai zanen da ya zo masa ke nan: ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai.

Wallahu a'alam.