Tambaya da Amsa: Zan iya sayar da Linux a shagona?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan kwamfuta, kuma masu saye kan tambaye ni Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows. Tunda kyauta ake sauke shi a intanet, doka ta yarda in zuba shi a filas in sa masa kuɗi? In ta yarda, ta ina zan fara?
Daga wani mai shago

Amsa: Wa alaikumus salam. Ta yarda, malam. Lasisin GPL, wato ƙa'idojin rabawa da ƙwayar Linux (jigon manhajar) ke ƙarƙashinsu, bai hana sayarwa ba, bai kuma yanke farashi ba. Sharaɗinsa shi ne ka haɗa wa mai saye da lasisin da asalin rubutun da aka gina manhajar da shi, ko rubutaccen alƙawarin ba shi rubutun, mai aiki aƙalla shekara 3. Ba ka kuma da ikon hana shi kwafa wa wani. Suna da tambari kuwa daban suke: na Ubuntu, wani sanannen nau'in Linux, mallakar kamfanin Canonical ne, in ka sauya abin da ke ciki sai ka cire su ko ka nemi izini.

An daɗe ana wannan ciniki. A 2008 shagunan Best Buy na Amurka sun sayar da Ubuntu cikin kwali a kan dala 19.99, haɗe da tallafin kwana 60. Lura da tallafin nan, domin shi aka saya. Kai ma abin da za ka sayar ke nan: filas, ɗorawa, da amsa waya in abu ya cije.

Ɗauki fitowar Ubuntu ta LTS, wato mai tallafi na dogon lokaci, mai zuwa a Afrilun kowace shekara biyu da gyaran tsaro na shekara 5. Sauke fayil ɗin ISO, wanda ke ɗauke da dukan manhajar, daga shafin masu shi, ka gwada lambar SHA256 ɗinsa, mai tabbatar da fayil ya sauka daidai, da wadda suka wallafa; in harafi ɗaya ya saɓa, sake saukewa. Rubuta shi da manhajar Rufus ko balenaEtcher a filas mai gigabait 8 zuwa sama. Ka guji filas na jabu, shi ke sa ɗorawa ta tsaya a tsakiya.

Kada ka ɗora sai ka tayar da kwamfutar daga filas ɗin a gaban mai ita, kun gwada Wi-Fi, sauti, kyamara da firinta. Katin Wi-Fi na Broadcom da katin hoto na Nvidia kan nemi ƙarin direba, wato manhajar da ke sa su aiki. In manhajar ɗorawa ba ta ga faifan ajiyar kwamfutar ba, duba BIOS, wato saitin da ake shiga kafin kwamfuta ta tashi, galibi saitin faifan yana kan Intel RST ne, sai a mai da shi AHCI. Amma in za a bar Windows a gefe, a shirya shi don wannan sauyi tukuna, in ba haka ba ya ƙi tashi. A kwashe fayilolin mutum, a kuma adana mabuɗin BitLocker, makullin faifai na Windows, kafin a taɓa komai.

Sannan ka tambaye shi aikin da yake yi. Fayilolin .exe, wato manhajojin Windows, ba sa buɗewa kai tsaye, Microsoft Office da Photoshop ba su da na Linux. LibreOffice, madadin Office a Linux, na buɗe takardun Word, sai dai tsarin shafi kan goce. Wanda abincinsa ke kan Photoshop, bar shi da Windows ɗinsa, don in ka ɗora masa, gobe da sassafe zai dawo neman kuɗinsa.