Zauren Masu Sana'a: Da wane aiki sabon hannu zai fara a injin sassaƙa ƙarfe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan ina koyon aiki a wani shago a Yalwa, Bauchi. Maigidana ya ce in nemo ƙarfe in fara gwada hannu a kan injin. Ina da guntayen rodi, kuma burina in yanka zaren noti. Ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Ajiye maganar zare tukuna, rodin ma ajiye shi. Rodi ƙarfen gini ne, taurinsa ba ɗaya ba ne daga wannan kai zuwa wancan, ga tudun jikinsa na dukan bakin wuƙa har ya dakushe ta. Nemi sandar alminiyam ko ƙarfe mai laushi, kauri milimita 25, tsawo kamar 100.

Aikin farko shi ne sanda mai hawa uku. Ka share fuskarta, wato ka daidaita bakinta ya zama sumul, sannan ka rage wani sashe zuwa milimita 22, na gaba 18, na ƙarshe 14, kowane hawa tsawon milimita 20. Ba ta da amfani a kasuwa, amma ita ce za ta koya maka awo, wanda shi ne sana'ar gaba ɗaya. Abin da ke kayar da sababbi: a injina da yawa, in ka tura wuƙa milimita 1, kaurin zai ragu da milimita 2, tunda ƙarfen juyawa yake. Wasu injinan kuma lambar da ke jikin hannun tura wuƙar ta kauri ce kai tsaye. Ka ɗan yanka, ka tsayar, ka auna da kalifa (ma'aunin kauri), ka gane irin naka.

Bakin wuƙa ya tsaya daidai tsakiyar ƙarfen. In ka share fuska ka ga ɗan tsiro ya rage a tsakiya, wuƙar ta yi ƙasa. In ta yi sama, goga za ta riƙa yi maimakon yanka. Gudu kuwa, ga wuƙar HSS (ta ƙarfe mai tauri da ke jure zafin yanka) da ƙarfe mai laushi na milimita 25, juyi 350 zuwa 400 a minti ya isa. Alminiyam na ɗaukar ninki uku na haka.

Hannu ya faɗa, sai bushi, wato ɗan bututun da sanda ke juyawa a cikinsa: waje milimita 20, rami 12. Ka fara da ɗan bakin huda tsakiya, sannan ƙaramin bakin huji, sannan babba, kana janyewa kana zubar da ɓarɓashi. Wannan aikin ne masu injin niƙa da masu Keke Napep za su riƙa kawo maka. Bayan shi ka dawo mu yi maganar zare.

Kada ka kusanci injin da babbar riga ko hannun kaftani a sake, safar hannu ma ba a sawa. Makullin cok kuma, wato abin da ke riƙe ƙarfen yana juyawa da shi, ba ya kwana a jikin cok ko na daƙiƙa ɗaya.

TAMBAYA: Ni daga Jekadafari nake, a Gombe. In ina sassaƙa siririn ƙarfe sai injin ya yi ta ƙara, jikin aikin ya fito da zane-zane. Injin ne ya tsufa?

AMSA: Da wuya, Malam. Galibi ƙarfen ne ya leƙo da yawa. Abin da ya fito daga cok kada ya wuce ninki uku na kaurinsa, wato sanda mai milimita 10 ta tsaya a 30. In dole ya fi haka, a huda tsakiyar bakinsa a tokare shi da tsinin wutsiyar injin. Wuƙar ma a mayar da ita ciki, a bar ɗan abin da zai yi yanka kawai, a wasa ta, a rage gudu. In duk an yi wannan ƙarar ba ta daina ba, sai a kashe injin a girgiza cok da hannu a ji ko boris ya saki.