Bakin falle ne ke tona asirin wuƙa

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa fallen sitenlas, ƙarfen nan mara tsatsa, da kuka datse gefensa ya fito da ƙaya a baki, ga kuma wani tabo da ke ta dawowa, alhali ba wanda ya taɓa saitin inji. Ajiye magagarin nan tukuna, ɗauko tef.

Auna daga wannan tabo zuwa na gaba, ka sake auna na gabansa. Ka ga tazarar ɗaya ce? To wuƙa ce ta yi giɓi. Wuƙar datsa gefe faifai ce mai juyawa, duk zagaye ɗaya sai giɓin ya sake cizon ƙarfe. In faɗin faifan milimita 300 ne, za ka tarar da tabon kusan kowace milimita 942, wato tsawon kewayensa. Da wannan awon kaɗai za ka san wace wuƙa za ka kwance.

Yanzu juya bakin wajen haske. Yanka mai lafiya yana da siririn layi mai sheƙi a sama, inda wuƙa ta shiga, kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin falle, sauran kuma dushi-dushi, inda ƙarfen ya karye da kansa. Dubi naka: saman ya lotsa, ƙasa ta ja ƙaya. Wuƙa ta dakushe, murje ƙarfen take yi. Sitenlas kuwa, musamman nau'insa masu lamba 304 da 316, ƙara tauri yake yi in an murje shi. Shi ya sa na damu da bakin nan, domin ranar da aka zo lanƙwasa shi, daga nan tsaga za ta fara.

Giɓin ma da sanadinsa. Yawanci ratar da ke tsakanin wuƙaƙe biyu ce ta matse har suna gugar juna, ko an tura falle mai kaurin da ya fi ƙarfin inji. Wani lokacin ɓurɓushin sitenlas ɗin ne ke manne wa wuƙa yana karce baki.

Kashe inji daga makunni kafin hannunka ya kusanci wuƙar. Kwance ta a kai washi, a ci har a wuce ƙasan giɓin, don ƙananan tsagogi na ɓuya a gindinsa, in an bar su za ta sake ɓantarewa. Da ka mayar, gwada rata, ka yanka guntu mu duba tare.

Kuma ina roƙonka, kada ka yanka baƙin ƙarfe da wuƙar nan. Sinadarin kuromiyam ɗin da ke cikin sitenlas, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ke kare shi daga tsatsa, amma ƙurar baƙin ƙarfe in ta nutse a bakinsa ita za ta yi tsatsa, mai kaya ya dawo yana cewa jabu muka ba shi.