Amsa ga mai tambaya kan ciwon kan Baba

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce shekarunsa 68, kusan kullum kansa na ciwo kamar an ɗaure shi da rawani an tamke, yana kuma shan paracetamol da ibuprofen daga kemis.

Abin da kika siffanta ya yi kama da ciwon kan da ke tattare da ɗaurewar naman wuya da ƙeya. Yakan kama ɓangarorin kai biyu, matsewa yake yi, ba ya sara, ba ya sa amai, tafiya ko hawa bene ba su ƙara shi. Yana iya ɗaukar minti 30, yana iya kaiwa kwana 7.

Sai dai ki fara tambayar Baba: da ma can yana da shi tun ƙuruciya, ko sabo ne? Ciwon kan da ya fara bayan shekara 50 ba a yi masa suna a gida, sai likita ya duba. In kuwa gefen kansa na zafi idan an taɓa, muƙamuƙi na gajiya wajen tauna, ko gani ya dushe, a kai shi asibiti ranar, a yi gwajin jini na ESR mai nuna kumburi a jiki, don kumburin jijiyar jinin wurin yana makantarwa. Haka in ya faɗi ya bugu a kai, ko da makonni sun wuce, sai ga yawan barci ko ruɗewa: jini na iya taruwa a cikin kai a hankali, balle mai shan magungunan tsinka jini irin su aspirin ko warfarin. Baki ya karkace, hannu ya mutu, zazzaɓi da sandarewar wuya, waɗannan ba a jira gari ya waye.

Inda na fi zargi shi ne ƙwayoyin nan. Duk mai shan maganin ciwo kwana 15 ko fiye a wata, har wata 3, maganin da kansa yakan koma haddasa ciwon. Masu haɗin caffeine (sinadarin da ke cikin goro da shayi) ko kodin, da tramadol, kwana 10 ma ya isa. Ibuprofen da diclofenac kuma ba abokan tsoho ba ne: suna jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, su ɗaga hawan jini. Paracetamol ya fi sauƙi, ƙwaya 1 ko 2 ta 500mg, kada ya wuce ƙwaya 6 a yini ga tsoho maras ƙiba, kuma kada ya wuce kwana 2 a mako. Idan aka janye maganin, ciwon yakan ƙaru na mako ɗaya ko biyu kafin ya lafa, a nan mutane ke karaya su koma.

Ku kwashi duk magungunansa ku nuna wa likita, don wasu na hawan jini irin su nifedipine suna sa ciwon kai. A auna hawan jininsa, a duba idonsa da tabaransa. Ya riƙa shan ruwa ko bai ji ƙishi ba (tsofaffi ba su cika ji ba), kada ya ƙetare abinci, a rage tudun matashi, a gasa masa wuya da tsumma mai ɗumi minti 15. Goro da shayi a rage a hankali, yankewa lokaci ɗaya ma ciwon kai ne.

Likita na iya rubuta amitriptyline 10mg da dare don rigakafi. Kada ku saya da kanku. Yana busar da baki, yana riƙe fitsari, yana sa jiri har tsoho ya faɗi. Kafin ku je, ki riƙa rubuta ranakun ciwon da adadin ƙwayar da ya sha kowace rana.