Fatawa: Tabar gari da farin tabon da ya fito a baki

Tambaya: Malam, ni mai gadi ne a Aboabo, nan Kumasi. Na daɗe ina sa tabar gari da kanwa a leɓe don kada barci ya ɗauke ni. Yanzu wani farin tabo ya fito a daidai wurin, ba ya zafi, ba ya goguwa. Likita a asibitin Komfo Anokye ya ce in daina, a yanki kaɗan a gwada. Wani malami kuwa ya ce mini taba makaruhi ce kawai. Ina da zunubi in na ci gaba?

Amsa: Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwana. Abin da na riƙe a tambayarka shi ne "a daidai wurin". Cutar ta riga ta bayyana a jikinka, kuma masani ya gani da idonsa. Saboda haka ci gaba da sa ta haramun ne a kanka. Haramcin mutum ya cutar da kansa ba a yi saɓani a kai ba.

Maganar karhanci tana da asali, ba zan ɓoye maka ba. Ahmad Baba na Tumbutu, wanda ya rasu a 1627, ya halatta taba, haka Aliyu al-Ajhuri cikin Malikawan Masar, yayin da Ibrahim al-Laƙƙani ya hana. Amma a duba zamaninsu. Taba ba ta daɗe da shigowa ƙasashen Musulmi ba, abin da suka fi tattaunawa shi ne ko tana gusar da hankali kamar giya. Al-Ajhuri ma da sharaɗi ya halatta: kada ta gusar da hankali, kada ta cutar da jiki. To, kai sharaɗin ya warware. Yau hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya tabar da ake sawa a baki cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara. Wanda ya ɗauko fatawar waɗancan malamai ya bar sharaɗinta, ya jingina musu abin da ba su faɗa ba. Masu cewa ai ba hayaƙi ake zuƙa ba, su sani dafin a ganyen yake, fatar baki kuwa tana tsotse shi kai tsaye.

Rashin zafin nan kada ya ruɗe ka, haka irin wannan tabo yake farawa. Ba kowane ne ke zama sankara ba, wani ma yakan baje in an bar taba, amma ido ba ya bambancewa, sai gwaji. Ka koma ka yarda a yanka. Ba ya cin karo da tawakkali. Kada ka kankare tabon, kada ka shafa masa kanwa ko garin magani. In ka ga ya yi ja, ko gyambo ya wuce mako 2 bai warke ba, kada ka jira ranar da aka ba ka.

Na san daren mai gadi yana da tsawo, kuma taba ba ta sakin mutum da sauƙi. Ka gaya wa likitan gaskiya ya taimake ka, ka nemi barcin rana, shayi ma ya wadatar. Kada ka koma sigari ko shisha da sunan canji. Kada kuma ka ƙara aiken yaro sayo ta. In ka zame ka sake sawa, ka tuba ka tashi, ban da fid da tsammani.

Wallahu a'alamu.