Tambaya da Amsa: Fetur Mai Lamba 91 ko 95, Wanne Ya Dace da Babur Ɗinka?

Wasiƙun wannan watan sun fi karkata ga lambar nan da ake rubutawa a jikin famfon gidan mai, wato lambar okten. Mun zaɓo guda huɗu daga ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aikin kai saƙo a Jidda da babur mai cc 150. Gidajen mai a nan suna da fetur kore mai lamba 91 da ja mai lamba 95. Abokan aikina sun ce jan ya fi ƙarfi, yana sa babur gudu, kuma yana wanke inji. Kullum sai na cika tanki, don haka bambancin kuɗin yana taruwa. In koma jan ne? Daga wani mai karatu a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka tsaya a kan koren, muddin littafin babur ɗinka bai nemi 95 ba. Da wuya a sami ɗan babur na aiki mai cc 150 da yake nema.

Lambar okten ba ta auna ƙarfin fetur. Haƙurinsa take aunawa, wato iya matsi da zafin da zai jure kafin ya kama da wuta da kansa. A cikin silinda, fistin yana hawa sama ya matse haɗin iska da fetur, fulogi ya ƙyasta, wuta ta tashi daga bakin fulogin ta bazu a jere har gefen silinda, ta tura fistin ƙasa. Haka ake so. Amma idan matsin da zafin suka fi ƙarfin fetur ɗin, ragowar haɗin da ke can gefe ba ya jiran wutar ta iso, sai ya fashe gaba ɗaya. Wannan fashewar ce ke dukan kan fistin, ka ji ƙara ƙyas-ƙyas-ƙyas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwanin madara. Ita ake kira ƙwanƙwasa. Fetur mai lamba babba ya fi jure wannan. Iyakar aikinsa ke nan.

Ma'aunin kansa tun shekarun 1920 aka tsara shi. Aka ɗauki sinadarai biyu, ɗaya mai matuƙar juriya aka ba shi maki 100, ɗaya mai saurin fashewa aka ba shi sifili. Fetur mai lamba 91 shi ne wanda juriyarsa a injin gwaji ta yi daidai da haɗin kashi 91 na na farkon da kashi 9 na na biyun. Kuzarin da ke cikin litar 91 da ta 95 kusan ɗaya ne.

Babban abin da ke nuna lambar da inji yake buƙata shi ne yawan matsinsa. Baburan aiki irin su Honda CG125 da Bajaj Boxer da takwarorinsu na Sin, matsinsu yana tsakanin 9 da 10 bisa ɗaya, wato fistin yana matse haɗin har ya koma kashi ɗaya cikin tara ko goma na girmansa, kuma da gangan aka ƙera su haka don su sha fetur na gama-gari. Injin da ba ya ƙwanƙwasa da 91, in ka zuba masa 95 babu abin da zai ƙaru, domin matsinsa bai canza ba, lokacin da fulogi ke ƙyastawa ma bai canza ba. Batun wanke inji kuma na sinadaran tsafta ne da kamfani ke ƙarawa a cikin mai, ba ruwansa da lambar okten. Kuɗin da za ka ƙara a famfo gara ka tara su ka riƙa yin juyen baƙin mai a kan lokaci, musamman da zafin garinku da yawan tsayuwa a cunkoso.

TAMBAYA: Na sayi Yamaha R6 na hannu da aka shigo da shi daga Amurka. Takardar da ke manne a tanki ta ce a sa fetur mai lamba 91 ko sama. An ce mini fetur ɗin Najeriya ma wajen 91 ne. Ke nan babu matsala? Daga wani mai karatu a Abuja.

AMSA: Akwai matsala, ɗan'uwa, kuma gara da ka tambaya kafin inji ya ba ka amsa. 91 na Amurka daban ne da 91 namu.

Hanya biyu ake gwada fetur. Ta farko ita ce RON, inda injin gwaji ke juyi 600 a minti. Ta biyu ita ce MON, mai juyi 900 da haɗin da aka ɗumama, don haka sakamakonta yakan yi ƙasa da na farko da maki takwas zuwa goma. Afirka da Turai da ƙasashen Larabawa, lambar RON suke rubutawa. Amurka da Kanada kuwa sai su haɗa biyun su raba biyu. Saboda haka 87 a famfon Amurka kusan 91 ko 92 ne a wajenmu, 91 nasu kusan 95 ne, 93 nasu kuma kusan 98. Takardar tankinka 95 take nufi da lissafinmu. Matsin R6 yana wajen 13 bisa ɗaya, ya yi wa na Boxer nisa ƙwarai.

Mafi yawan gidajen mai a Najeriya fetur iri ɗaya suke sayarwa, don haka sai da dabara. In ka sami inda ake sayar da 95 na gaskiya, nan ne wurinka. In ba ka samu ba, ka saba da gidan mai guda mai yawan ciniki, wanda mansa ba ya daɗewa a rijiya. Kada ka buɗe totur gaba ɗaya alhali kana babbar giya inji yana juyi ƙasa-ƙasa, domin a nan ƙwanƙwasa ta fi aukuwa. Sauko da giya tukuna, sannan ka murɗa. Ka tabbata ruwan lagireto cike yake, fanka tana tashi, fulogi kuma mai lambar da kamfani ya rubuta ne. Da rana tsaka a watan Maris ko Afrilu, ka sassauta hannu. Wasu manyan baburan, irin wasu samfuran BMW, suna da na'urar da ke jin ƙwanƙwasa ta sa kwamfutar inji ta jinkirta wuta. Da yawa ba su da ita, don haka kada ka ɗauka akwai abin da ke kare maka inji ban da kunnenka.

Game da ƙananan kwalaben ƙarin okten da ake sayarwa, ka karanta rubutun jikinsu da kyau. Galibi in sun ce suna ƙara maki uku, kashi uku cikin goma na lamba ɗaya suke nufi, wato daga 91 zuwa 91.3. Wannan ba zai kai ka 95 ba. Masu ƙarfin cikinsu kan ƙunshi manganis, wanda ke barin jan datti kamar tsatsa a bakin fulogi, kuma in aka dawwama a kai yana ɓata na'urar auna iska da ke cikin salansa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina dakon buhunan hatsi da Boxer daga ƙauye zuwa kasuwa. Tun da fetur ya yi tsada na sa bakanike ya rage masa shan mai, kuma sau da yawa a wajen 'yan bumburutu nake saye saboda gidan mai ya yi mana nisa. Yanzu in na ɗauki kaya na zo hawa tudu sai in ji ƙara a kan inji, ga zafi har yana dukan ƙafata. Wani ya ce fetur mai lamba babba nake buƙata. Daga wani mai karatu a Azare.

AMSA: Sannu da ƙoƙari, Malam. Boxer ba ya buƙatar fetur na musamman. In ya fara wannan ƙara, wani abu ne ya canza, kuma wasiƙarka ta ambaci biyu daga cikin manyan dalilan.

Da farko ka tabbatar da irin ƙarar. Ƙarar bawul tana nan ko babur yana tsaye, cak-cak-cak, tana bin juyin inji. Ƙarar sarƙar da ke juya bawul kuwa kamar ana jan ƙarfe take. Ƙwanƙwasar fetur ba ta zuwa sai inji ya yi zafi, akwai nauyi, ka murɗa totur a babbar giya, kuma da zarar ka sauko giya ɗaya sai ta ɗauke. Ka kuma bambanta ta da abin da makanikai ke nufi in sun ce inji ya yi nokin, wato ya riga ya lalace. Ƙwanƙwasar fetur gargaɗi ce kafin a kai can. In aka ƙyale ta, tana cinye gefen kan fistin, ta fasa gurbin ringi, ta ƙone gaskit, ta sassauta borin.

Sai ka gwada man. Ɗiga digo biyu ko uku a kan farar takarda ka ajiye a inuwa. Fetur mai kyau zai bushe cikin 'yan mintuna ba tare da ya bar tabo ba. In ya bar da'irar maiƙo, an gauraya shi da kananzir ko dizal, kuma su biyun lambar okten ɗinsu ƙasa take ƙwarai, kaɗan ma ya isa ya janyo ta fetur ƙasa. Ka kuma zuba wani a farar kwalba ka bari ya natsu, in akwai ruwa za ka gan shi kwance a gindi. Akwai gwajin barasa ma, kuma wanda ya tuna gurɓataccen man da ya shigo Najeriya a watan Fabrairun 2022 mai yawan metanol ya san amfaninsa. Zuba ruwa kashi ɗaya a siririyar kwalba, ka yi alama a inda ya tsaya, ka ƙara fetur kashi tara, ka girgiza, ka jira minti goma. In ruwan ya haura alamar, akwai barasa a ciki. Duk wannan a yi shi nesa da wuta da taba. In man ya faɗi gwaji, zare tiyon tanki ka tsiyaye shi duka, ka kwance ƙaramin sukurun da ke gindin kafireto ka zubar da na ciki.

Rage shan mai da aka yi maka, mu a ganinmu shi ne babban abin zargi. Yawanci ƙaramin jet ake sawa, wato 'yar ƙofar da mai ke bi a cikin kafireto, ko a saukar da allurar kafireto. Iska ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan. Shi kuwa injin Boxer ba shi da lagireto, iska da baƙin mai da shi kansa fetur ɗin ne ke sanyaya shi. In aka ƙuntata masa mai sai kan silinda ya yi zafi fiye da ƙima, zafin kuma ya sa fetur mai kyau ma ya fashe kafin lokaci. Fulogi zai gaya maka gaskiya. Bayan ka yi tafiya da kaya, kwance shi ka duba farin tangaran da ke tsakiya. Launin gyaɗa soyayya, lafiya lau. Baƙi mai gawayi, mai ya yi yawa ko matatar iska ta toshe da ƙura. Fari fat kamar alli, mai ya yi kaɗan. In kuwa ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa barkono, ko masu ƙyalli, to fistin ne ya fara zubewa, kada ka ƙara tafiya sai an buɗe. Ka sa bakanike ya mayar da jet na asali da allura gurbinta, ya duba robar da ta haɗa kafireto da inji ko ta tsage tana shan iska.

Akwai sauran abubuwa. Fulogin kamfanin NGK, in lambarsa ta yi ƙasa ya fi riƙe zafi, don haka wanda ya sa mai lamba 6 a inda kamfani ya ce 7 ya ƙara wa inji zafi. Ratar bakinsa a irin waɗannan ƙananan baburan galibi milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Laka da ta daskare a tsakanin haƙarƙarin silinda tana hana iska aikinta, a kankare ta. Injin da ya daɗe yana shan baƙin mai yakan tara gawayi a kan fistin, wanda ke ƙara matsi kuma yana ci kamar garwashi, sai a buɗe a goge. Haka in an taɓa aske kan silinda, ko an sa akwatin CDI na gudu mai gaggauta wuta. A bakin tudu kuma ka sauko giya ta biyu tun kafin inji ya fara nishi, buhu uku ba abin hawa da giya ta huɗu ba ne.

TAMBAYA: A nan Gana muna da 91 da 95. In na haɗa su a tanki ɗaya akwai illa? Kuma wasu suna jefa ƙwayar kafur ko su ɗiga tina, wai yana ƙara lamba. Daga wata mai karatu a Kumasi.

AMSA: Babu illa, Hajiya. Suna gaurayuwa sarai, lambar kuma ta faɗa tsakani gwargwadon yawan kowanne. Lita biyu na 91 da lita biyu na 95 za su ba ki kusan 93. In babur ɗinki 91 yake nema, haɗin bai ƙara miki komai ba. In 95 yake nema kuma tafiya ta tilasta miki sayen 91, ki sa daidai wanda zai kai ki, ki tuƙa a hankali, ki cika da 95 da zarar kin samu.

Kafur da tina kuwa ki bar su. Kafur ba ya narkewa duka, ɓarɓashinsa yana toshe jet da matatar mai, yana ƙara gawayi, kuma wani irinsa yana ɗauke da sinadarin kulorin da ke zama asid in ya ƙone. Tina tana kumbura robobin kafireto, ta busar da tiyo har ya fara yoyo a saman inji mai zafi.